Mai Makulli Ya Yi Tafiya

 Yau zancen takarda na zo muku da shi, takardar hukuma. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da takardar hukuma, ai wannan sha'anin maza ne da 'yan boko? Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki ajiye muciyar ki ba ni aron kunnenki. Ni ma da haka nake cewa, sai da abin ya faɗo a kaina.

A daminar shekarar 2001 ruwa ya yi yawa a ƙasar Kano da Jigawa. Kogin Hadejia ya cika ya batse, ya ci gonaki da gidaje masu yawa. Cikin waɗanda abin ya shafa har da goggona, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar da 'yar gonar shinkafa a fadama. Shinkafa ta fara fitar da kai ke nan ruwa ya shanye ta ƙurmus. Ana cikin jaje sai labari ya bazu wai an aiko da wata takarda daga sama, mai bayanin waɗanda za a taimaka wa da yadda mutum zai shigar da sunansa. Kowa ka tambaya sai ya ce shi ma ji ya yi. Da yake ni ce mai ɗan karatun boko a danginmu mata, goggo ta ce, "'Yar nan, ke za ki je ki gano mana, zuwa da kai ya fi aike."

Na nemi izinin maigida, na yafa mayafi, na shiga mota zuwa wani ofishi. Na gai da masinja na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Hajiya, takardar kam tana nan cikin kabad, amma mai makulli ya yi tafiya, sai ki dawo jibi." Na koma jibi, aka ce bai dawo ba. Sai a zuwa na uku na same shi. Mutumin kirki ne, bai wulaƙanta ni ba. Ya buɗe kabad ya ciro ta, kwafi ɗaya tak, da Turanci tun daga sama har ƙasa. Na ce, "Malam, ko za a ba ni in kai a karanta mana?" Ya ce, "Wallahi Hajiya ita kaɗai gare mu, ba ta fita." Ya daure ya fassara mini a tsaye. A nan na ji ashe akwai wa'adi, kuma wa'adin ya cika kwana biyu da suka wuce.

Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Da na faɗa wa goggo sai ta yi shiru, can ta ce, "Ba rabo." Ni kuwa zuciyata ta ƙi yarda cewa rabo ne kaɗai. Tun daga nan na shiga tambayar tsofaffi da malamai, ina karanta abin da hannuna ya kai gare shi, don in san tun yaushe takardar da aka rubuta saboda talaka take kwana cikin kabad. Abin da na tsinto shi zan ba ku, domin waiwaye adon tafiya.

Kafin zuwan Turawa, in sarki yana da magana da talakawansa, mai shela ne zai zaga gari da kasuwa. Hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa. Wasiƙun fada malamai ke rubuta su da Larabci, jakada ya ɗauka ya kai. Magana da baki take tafiya, kuma da harshen da kowa yake ji, har matar da ke cikin tsakar gida tana jiyo muryar mai shela ta kan katanga.

A watan Afrilu na 1906 Turawa suka ci Hadejia da yaƙi, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama, shi ne ake kira Mai Shahada. Daga nan mulki ya koma na alƙalami. Haraji da rasit, jangali da rasit, shari'a da littafi. Di'o ya riƙa zaga ƙasa yana ƙidaya mutane da dabbobi da gonaki, yana rubuta abin da ake nomawa a tudu da fadama, da irin kifin da ake kamawa. Duk wannan da Turanci aka rubuta shi, aka aika Kano wajen Razdan, tun da a lokacin Hadejia cikin Lardin Kano take. Irin waɗannan rahotanni suna nan ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Kun ga ke nan tun ran gini tun ran zane: labarinmu ake ɗiba a kai sama, abin da yake dawo mana kuwa shi ne rasit.

Amma kada mu ci amanar tarihi, an yi ƙoƙarin gyara, ba sau ɗaya ba. Wajen 1930 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin wani Bature, Dokta Rupert East. Ita ce ta shirya gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. A cikinta talaka ya riƙa ganin sanarwar hukuma da harshensa. An yi sa'a kuwa tun 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru ta ratsa ta Malam Madori, saboda haka kaya da wasiƙu suka sami hanyar isowa ƙasarmu.

Babana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin wancan zamani. Ya ce in jarida ta iso, mutum ɗaya ne zai zauna a gindin bishiya yana karantawa da ƙarfi, mutum ashirin ko fi suna kewaye da shi. Jarida ɗaya sai ta zaga unguwa har ta yage. Na ce, "Baba, mata fa?" Ya yi dariya ya ce, "Mata ai sai abin da maigida ya shigo da shi, in ya tuna." Kun ji fa, in ya tuna.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, Turawa suna bukatar mutane su ji labarin yaƙi ta bakinsu, sai aka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa a hannun En'e. Ana ajiye jaridu da hotuna da ƙananan takardun gwamnati. Waɗannan ɗakuna su ne kakannin laburaren da muke gani yau a Arewa. Da yaƙi ya ƙare, sai aka rasa mai kula da su sosai. A 1952 aka kafa babban laburare na Jihar Arewa a Kaduna, aikinsa shi ne ya raya ɗakunan karatun En'e. Ana cika akwatuna da littattafai a aika wa gari, in an gama karantawa a mayar a sauyo wasu. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Matsalarta ita ce yawancin littattafan na Turanci ne, masu jin Turanci a lokacin kuwa ana iya ƙirga su da yatsu a kowane gari. Babana ya ce ɗakin karatun da yake shiga yana saurayi, mai tsaronsa tsoro yake ji kada littafi ya ɓace a yanke masa albashi, don haka masu kyan sai ya kulle su. Ashe makullin nan da na tarar a 2001 tsohon makulli ne, ya girme ni.

Lokacin da takardar hukuma ta fi kusantar talaka shi ne zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950. An buɗe azuzuwan manya a birni da ƙauye, magidanta da furfurarsu suna koyon a, ba, ca. Hukuma ta gane cewa in ka koya wa mutum karatu ba ka ba shi abin karantawa ba, zai manta. Sai aka kafa wata hukuma a Zariya da ake kira NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da tsabta da kiwon lafiya da addini da tarihi, da boko, wasu kuma da ajami. Ta kuma fitar da ƙananan jaridu na larduna: Sodangi ta Lardin Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya. Babban abin da ta yi shi ne ba ta zauna jiran mutane ba. Motoci da 'yan talla ne suke kai littattafan kasuwanni. Mutum ya zo sayar da gyaɗa ko kifi, ya koma gida da ɗan littafi a aljihu. A cikin adakar babana na tarar da ragowar irin waɗannan, gara ta ci gefensu. Sai dai kash, kuɗi suka gaza, aka rufe hukumar tana da shekara biyar kacal.

Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Arewa ta gayyato wani masanin laburare daga ƙasar Ostareliya, sunansa F. A. Sharr, ya duba halin da ake ciki. Ya ba da rahotonsa a 1963. Cikin shawarwarinsa akwai cewa a horar da ma'aikatan laburare a nan gida, kuma a 1968 aka buɗe sashen koyar da wannan aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. To amma kafin gyara ya kankama ƙasa ta rikice. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, muka faɗa Jihar Kano. A 1976 aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, hedikwata ta koma Dutse. Kowace sauyawa sai an kwashe kaya, kuma duk matar da ta taɓa tashi daga gida zuwa gida ta san abin da kwasar kaya take yi wa kwanuka, balle takarda. Wata tana Kaduna, wata tana Kano, wata tana Dutse, wata kuwa Allah kaɗai ya san inda ta faɗi.

Akwai wata doka da nake so ku riƙe. A 1970 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar Laburaren Ƙasa. Dokar ta ce duk wanda ya buga littafi a Nijeriya ya kai wa Laburaren Ƙasa kwafi 3. In gwamnatin jiha ce ta buga, ta kai kwafi 10. In ta Tarayya ce, kwafi 25. Manufar ita ce kada wani rubutu ya ɓace, kuma wannan abin yabo ne. Amma ku lura da inda takardar ta nufa. Can sama take tafiya, Legas a da, Abuja yanzu, sai rassa a manyan biranen jihohi. Dokar ta tanadi rumbu, ba ta tanadi wanda zai ɗebo hatsin ya kawo wa masu jin yunwa ba.

A Amurka sun bi ta wata hanya dabam. Tun 1813 majalisarsu ta ba da umarni a riƙa aika takardunta zuwa wasu makarantu da ɗakunan karatu, aka kuma yi ta gyara tsarin, a 1895 da 1962, har a 1993 aka yi dokar zuba takardun a kwamfuta. Ɗakunan karatu fiye da 1,000 ne suke cikin tsarin, a warwatse cikin ƙasar. Gwamnati tana ba su kyauta, bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya shigo a bar shi ya karanta kyauta. Hujjarsu ita ce da kuɗin jama'a aka buga, don haka na jama'a ne. Ban kawo wannan don in ce su sun fi mu hankali ba. Na kawo ne don ku ga cewa doka tana iya tura takarda ta gangaro wajen mutane, kamar yadda take iya tura ta sama.

To, me ya sa mu mutanen bakin kogi abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya? Saboda rayuwarmu a kan ruwa take, ruwan kuwa yanzu alƙalami ne ke juya shi. A da kakanninmu sun san lokacin zuwan ruwa da lokacin janyewarsa. In ya malala cikin fadama a shuka shinkafa, in ya janye a yi noman rani, masunta su yi su, Fulani su kawo shanu kiwo. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Challawa. Daga nan tafiyar kogi ta sauya. Malalar damina ta ragu a wasu wurare, a wasu kuma ruwa ya daina ƙafewa ko da rani. Inda ruwa ya zauna shekara cur, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero. Ruwan da ya rasa hanya kuwa sai ya nufi gidajen mutane. Duk wanda ya san Guri da Kirikasamma da yankin Marma ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

An yi rubutu a kan wannan kogi namu ba kaɗan ba. A 1987 aka fara wani shiri na kare dausayin Hadejia da Nguru. Masana na gida da na waje suka auna ruwa, suka ƙirga tsuntsaye, suka lissafa amfanin gona. Wani bincike da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in aka haɗa noma da su da itacen girki, ruwan da aka bari ya malala a fadama yana ba da amfani fiye da irinsa da aka tare don noman rani a sama. Wannan magana ce da za ta ƙarfafa bakin manomin fadama a gaban kowace hukuma. Amma da Turanci take, cikin manyan littattafai, a jami'o'i da ofisoshi. Ɗalibi a Ingila ya fi matar masunci a Guri sanin abin da aka rubuta a kan ruwan da take wanke-wanke da shi.

Haka ma zancen gona. Tun 1978 akwai Dokar Amfani da Ƙasa. Ta ce ƙaramar hukuma tana da ikon ba mutum shaidar mallakar gonarsa ta ƙauye. Ta kuma ce in hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, akwai diyya a kan abin da mutum ya shuka ko ya gina a kai. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mata nawa ne masu gonar gado suka taɓa jin wannan da Hausa? Ga hatsi a ƙasa amma kaza ta kwana kan dami, rashin sani ne ya ja mata.

Ni kaina ba a sa ni makarantar boko ina yarinya ba, allo kawai na yi aka yi mini aure. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. A ajin matan aure na wannan hukuma na koyi haɗa baƙi da wasali, ina goye da ɗana na biyu. Da na iya, sai na shiga neman abin karantawa. Kun san abin da ya iso gare ni har cikin ɗaki? Littattafan kasuwar Kano, na su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa da sauransu. Ba su da motar gwamnati, ba su da kasafin kuɗi. Direban mota ne zai ɗauko daga Kano, mai tebur ya kasa a bakin kasuwa, mai haya ya ba da haya, yarinya ta karɓo wa yayarta, a karanta a miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Kafin mako ya zagayo littafi ɗaya ya shiga gida goma. Wannan ɗan littafi da ke hannunki ma ta haka ya zo miki. To in marubuciya daga ɗakinta ta iya isar da labarinta ga matar da ke cikin kulle, me zai hana hukuma isar da takardar da ta shafi ran wannan matar da gonarta?

Yanzu zamani ya sauya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Tun bayan babbar ambaliyar 2012, wata hukumar mai suna NIHSA tana fitar da rahoto kowace shekara mai lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Ana sa su a intanet, ana faɗar taƙaitaccensu a rediyo. Duk da haka ruwa ya sake cin mu a 2018 da 2020 da 2022. Ba na cewa takarda tana tare ruwa. Amma in kunne ya ji jiki ya tsira. Matar da ta sani da wuri za ta ɗaga hatsinta, ta kai awakinta tudu, ta naɗe takardun makarantar 'ya'yanta a leda.

Wata rana jikata ta nemo mini irin wannan rahoto a wayarta. Ta ce, "Kaka, ga shi nan, amma shafi ya fi ɗari, kuma kuɗin wayata sun kusa ƙarewa." Muka yi dariya. Na ce mata to ai wannan ma kabad ne, makullinsa biyu, kuɗi da Turanci. Wadda ba ta da babbar waya, ko take ƙauyen da ba sabis, har yanzu mai makulli bai dawo mata daga tafiya ba.

Ga abin da nake gani a matsayin gyara, ni da ba kowa ba. Na farko, a juya akalar takarda. Masarautar Hadejia ƙananan hukumomi takwas ce: Hadejia, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. A wajabta cewa duk takardar gwamnati da ta shafi ruwa, gona, lafiya, makaranta ko tallafi, a ajiye kwafinta a ɗakin karatu a kowace ɗaya daga cikinsu, a kan tebur inda hannu zai kai. Inda babu ɗakin karatu, aji ɗaya a makarantar firamare ya isa. Hukumar da ta iya kai kwafi goma Abuja ba za ta gaza kai takwas ƙasar Hadejia ba.

Na biyu, kowace doguwar takarda a yi mata taƙaitawa shafi ɗaya ko biyu da Hausa, boko da ajami, tun da akwai dubban mata da maza da allo ya ba su ajami ko da ba su shiga aji ba. In akwai wa'adi a rubuta shi da manyan baƙaƙe a sama.

Na uku, a ware rana ta mata a ɗakin karatu, da ma'aikaciya mace wadda za ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Da yawanmu kunya da al'ada ba za su bar mu mu kutsa cikin maza ba, kuma maigida zai fi sakin jiki ya ba da izini.

Na huɗu, a dawo da akwatin nan na 1952, amma a bi da shi ta hanyar da littattafan kasuwa suka bi: makarantun Islamiyya na matan aure, asibiti ranar awo, ƙungiyoyin adashi, masu teburin littattafai. In damina ta yanke hanya, ai kwale-kwale yana zuwa.

Mu kuma mata akwai namu. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai a Nijeriya. Ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a ma'aikatar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta ce a ba shi amsa cikin kwana 7, ta kuma yarda wanda bai iya rubutu ba wani ya nema a madadinsa. Da a ce tana nan a 2001 kuma na san ta, da na ajiye musu buƙatata a rubuce tun zuwan farko. Saboda haka ke da kika yi sakandare, kada karatunki ya tsaya a wasiƙar saurayi da labarin soyayya. Ki riƙa karanta wa iyayenki mata abin da aka liƙa a asibiti da sakatariya. Ke uwar gida, in an ce an ce, ki tambaya, a wace takarda aka rubuta, kuma ina take? Ki tambaya da ladabi, amma ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. In kun tashi zuwa kada ki tafi ke kaɗai, ku haɗu ku biyar daga ƙungiyarku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a da atamfa da sabulu, ku karɓa ku gode, sannan ku tambaye su zancen ɗakin karatu. Uwa uba, ki bar 'yarki ta yi karatu, ki kuma roƙi babanta ya bar ta.

Goggona ta rasu shekarun baya. Gonar nan tana hannun 'ya'yanta, rabinta kacala ta cinye, rabin suna nomawa. Ƙaramar jikarta tana aji biyar na sakandare, ita ce mai karanta wa gidansu duk takardar da ta shigo. Duk ranar da na gan ta da littafi sai in tuna tsayuwata a gaban kabad ɗin nan, in ce a raina, wannan kam ba za a ce mata ta dawo jibi ta tafi shiru ba.

Allah ya kare mu daga ambaliya, ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni.